Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wata Kaska Ke Rainon Bakteriya, Wata Kuma Ke Kashe Ta?

Tambayoyin da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun taru a kan kaska da irin zaman da take yi da ƙwayoyin bakteriya masu haddasa cuta, kuma mun jera su ne ta yadda amsar kowace za ta share wa ta gabanta hanya.

TAMBAYA: Malam, na daɗe ina kiwon dabbobi, kuma ina ganin kaska iri-iri, wata mai ɓawo mai tauri da ke maƙalewa kwana da kwanaki, wata kuma mai laushin jiki da ke ɓuya a tsagogin bango ta fito da dare. Ni dai a fahimtata kaska sirinji ce kawai, ta zuƙi jinin marar lafiya ta tsiyaya wa mai lafiya. To amma na ji masana suna cewa kowace cuta da kaskarta. Ta yaya hakan zai yiwu? Daga wani mai kiwo.

AMSA: Malam, da a ce kaska sirinji ce, da kowace irinta ta iya yaɗa kowace cuta, kuma da ɓarnar da take yi ta ninka wadda muke gani sau da yawa. Bakteriyar da ta shiga cikin kaska tare da jini tana da doguwar tafiya a gabanta. Dole ta tsira daga abubuwan da ke kashe ta a hanji, ta jure wa makonni ko watannin da kaskar za ta yi ba ta sha jini ba, ta tsallake saɓar da kaskar ke yi idan za ta ƙara girma, ta huda bangon hanji, ta ratsa ruwan jikin kaska inda ƙwayoyin tsaro ke yawo, sannan ta kai ga jakunkunan yawu, domin galibi ta nan ne take samun hanyar fita zuwa jikin wata dabbar. A kowane zango ana iya halaka ta, kuma tsananin kowane zango ya danganta da zuriyar kaskar.

Nau'o'in kaska da aka sani sun kai kimanin 900, kuma masana sun kasa su dangi 3. Dangin Ixodidae, wato masu ɓawo, su ne mafi yawa da kimanin nau'i 700, dangin Argasidae, masu laushin jiki, sun kai kimanin 200, sai dangin Nuttalliellidae mai nau'i 1 tak, Nuttalliella namaqua, wadda ake samu a kudancin Afirka. Masu ɓawon su ma sun rabu reshe 2. Reshen Prostriata gidan Ixodes ne kaɗai a cikinsa, reshen Metastriata kuwa ya tattara gidajen Amblyomma da Rhipicephalus da Hyalomma da Dermacentor da Haemaphysalis. Ana gane reshen kaska ne da wani ɗan tsagi a cikinta, wanda ke zagaye dubura ta gaba a gidan Ixodes, ta baya kuma a sauran. Alamar ƙarama ce, amma rabuwar da take nunawa tsohuwa ce ƙwarai, domin an samu kaska mai ɓawo a cikin ƙaron itace da ya daskare a ƙasar Miyanma, mai shekara kimanin miliyan 99, abin da ke nuna cewa tun a wancan zamanin dangogin sun riga sun kama hanya daban-daban.

Babban abin da ya raba su shi ne yadda suke shan jini. Kaska mai ɓawo tana sha sau ɗaya a kowane mataki na rayuwarta, tana jaririya mai ƙafa 6, tana matashiya mai ƙafa 8, da kuma bayan ta balaga, kuma kowane sha yana ɗaukar kwanaki, har macen da ta balaga ta kan wuce mako guda a maƙale, nauyinta ya ninka kusan sau 100, ta faɗo ta zuba dubban ƙwai ta mutu. Ruwan da ya yi mata yawa a cikin jinin tana mayar wa dabbar ne ta cikin yawu, don haka yawunta bai daina kwarara ba muddin tana maƙale. Mai laushin jiki kuwa galibi cikin mintuna zuwa awa guda take ƙoshi, ta koma maɓoyarta, ta zubar da rarar ruwa ta wasu ƙofofi a gindin ƙafafunta na gaba, ta sake fitowa sau da yawa a tsawon rayuwar da ke iya kai wa shekaru.

Dubi yadda wannan ya tsara rayuwar bakteriya biyu 'yan gida ɗaya. Borrelia burgdorferi, mai haddasa cutar Laim (wata cuta mai kawo ƙurajen fata da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi), wadda masanin kimiyya Willy Burgdorfer ya gano a hanjin kaskar Ixodes a shekarar 1981, tana zama ne a hanji, manne da bango, har sai kaskar ta kama wata dabba. Ɗumin jiki da shigowar sabon jini su ne ke farkar da ita, ta sauya furotin ɗin da ke lulluɓe da ita, ta hayayyafa, ta fara ƙaura zuwa jakunkunan yawu, shi ya sa yaɗa ta ya kan buƙaci fiye da awa 24. 'Yan'uwanta masu haddasa zazzaɓin nan da ke tafiya yana dawowa, irin su Borrelia duttonii da Joseph Dutton da John Todd suka alaƙanta da kaskar Ornithodoros moubata a Kongo a tsakanin 1904 da 1905, ba su da wannan sararin, domin kaskarsu ba ta daɗewa a jiki. Saboda haka tun kafin a yi cizo sun riga sun tare a jakunkunan yawu suna jira, kuma an nuna a gwaji cewa Borrelia turicatae tana iya shiga jikin ɓera cikin daƙiƙa 15 da cizon kaskarta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin ƙananan halittu. Shin an taɓa ɗaukar bakteriya iri ɗaya an saka wa kaska biyu daga zuriya daban don a ga bambancin ƙuru-ƙuru, ko kuwa hasashe ne kawai ake yi daga abin da ake gani a daji? Idan an yi, wace zuriya ce ta fi ƙarfin garkuwar jiki? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, an yi, kuma gwaje-gwaje biyu sun cancanci ki san su da kyau, domin idan aka ajiye su gefe da gefe suna gyara ɓangare na biyu na tambayarki.

Na farko an wallafa shi a shekarar 2001, daga ɗakin gwaje-gwajen Daniel Sonenshine da abokan aikinsa a Jami'ar Old Dominion da ke Amurka. Sun ɗauki bakteriyar cutar Laim suka yi allurarta kai tsaye cikin ruwan jikin kaska iri biyu da ke zaune a yankuna ɗaya, suna ma shan jinin ɓeraye iri ɗaya: Ixodes scapularis, wadda ita ce ke yaɗa cutar, da Dermacentor variabilis, wadda ba ta yaɗa ta. A jikin Dermacentor, ƙwayoyin tsaro sun ƙaru, suka shiga haɗiye bakteriyar, shi kansa ruwan jikin ya riƙa farfasa ta, kuma cikin ɗan gajeren lokaci aka neme ta aka rasa. A jikin Ixodes kuwa ruwan jikin bai kashe ta ba, haɗiyar ta yi jinkiri, kuma bakteriyar ta ci gaba da rayuwa har ta kai ga gaɓoɓin ciki. Daga baya an ware wani ɗan ƙaramin furotin mai huda bangon bakteriya daga jikin Dermacentor, daga cikin ajin da ake kira difensin, aka sa masa suna barisin, kuma aka ga ya fi yi wa Borrelia illa idan ya haɗu da laisozayim, wani sinadari mai narkar da bangon bakteriya. Ita ma Ixodes tana da ƙwayar gadon difensin nata, sai dai ba ta zuba shi cikin ruwan jiki a kan wannan bakteriyar yadda Dermacentor ke yi.

Wanda ya tsaya a nan zai ce Ixodes raguwa ce. Gwaji na biyu, wanda Petr Kopáček da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 daga Jamhuriyar Cek, ya nuna akasin haka. Kaskokin Ornithodoros moubata da suke kiwo a ɗakin gwaji sun fara mutuwa, da suka tsaga hanjinsu sai suka tarar da wata bakteriya mai launin rawaya, Chryseobacterium indologenes. Suka gauraya ta da jini suka shayar da lafiyayyun Ornithodoros, sai ta yi ta ninkuwa a hanjinsu har ta ƙarar da su. Suka ba Ixodes ricinus kwatankwacin wannan adadin, sai ta share ta daga hanjinta cikin kwana 1. Da aka koma yin allura cikin ruwan jiki, ƙwayoyin tsaron kaskokin biyu duk sun yi ta haɗiye bakteriyar, amma duk da haka masu laushin sun mutu cikin kwana 3, masu ɓawon kuwa ba a ga wata mutuwa ta a zo a gani a cikinsu ba.

Ke nan gidan Ixodes da ya bar Borrelia ta wuce shi ne kuma ya murƙushe wata bakteriyar cikin kwana guda. A ganina wannan ne muhimmin abu a duk wannan fanni, kuma shi ya sa ba na son a riƙa jera zuriyoyin kaska daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Abin da Ixodes ke yi da Borrelia haƙuri ne da ita tare da taƙaita yawanta, kuma an daɗe ana gano sassan wannan zaman. A 2004 an gano wani furotin a bangon hanjin Ixodes scapularis mai suna TROSPA, wanda bakteriyar ke kamawa da furotin ɗinta na OspA don kada a wanke ta, a 2005 kuma aka nuna cewa tana lulluɓe kanta da furotin ɗin yawun kaskar mai suna Salp15, wanda ke kare ta daga garkuwar jikin dabbar da za ta shiga. Bakteriyar da ta samu wurin kamawa a hanji da kuma sutura a yawu, a bayyane yake cewa zamanta da wannan gidan ya daɗe.

Ki riƙe wata ƙa'ida kuma idan kina karanta irin waɗannan rahotanni. Allura cikin ruwan jiki tana tsallake hanji, alhali a rayuwa ta haƙiƙa hanji ne zangon farko kuma mafi wuya, don haka sakamakon allura yana nuna abin da kaska ke iya yi ne, ba lallai ne ya nuna inda ake tare bakteriyar a daji ba. Misalin Amblyomma americanum ya ƙara nuna cewa shingen yana iya kasancewa a wani wuri dabam: ita ma ba ta yaɗa cutar Laim, kuma a 2005 an nuna cewa yawunta kansa yana kashe Borrelia.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, a matsayina na likitan dabbobi na karanta cewa garkuwar jikin kaska ta sha bamban da ta sauro da ƙuda. Shin bambancin da ke tsakanin zuriyoyin kaska yana cikin ginshiƙin garkuwar ne, ko kuwa a makaman da take fitarwa? Daga wani likitan dabbobi.

AMSA: Likita, abin da bincike ya nuna zuwa yanzu shi ne ginshiƙin kusan ɗaya ne, makaman da lokacin fito da su ne suka fi bambanta. Kaska ba ƙwaro ba ce irin sauro, danginta su ne gizo-gizo da kunama, kuma kamar sauran halittu marasa ƙashin baya ba ta ƙera sinadaran rigakafi masu tuna cuta irin namu. Ta dogara ne da garkuwar da aka halicce ta da ita, wadda a jikin ƙudan 'ya'yan itace aka san tana bin hanyoyi 3 na isar da saƙon shigowar cuta a cikin ƙwayoyin jiki, wato Toll da IMD da JAK/STAT. Da aka wallafa kundin gadon Ixodes scapularis a 2016, sannan masana a ƙasar Sin suka wallafa na wasu nau'o'i 6 a 2020, biyar daga cikinsu 'yan reshen Metastriata, an samu damar kwatanta waɗannan hanyoyi da kyau. Hanyar Toll da ta JAK/STAT suna nan kusan cif, amma hanyar IMD ta rasa kanta: babu furotin ɗin da ke tsaye a bangon ƙwaya yana shinshinar bangon bakteriya a jikin ƙuda, babu shi kansa furotin ɗin IMD da hanyar ta samo sunanta daga gare shi, babu kuma furotin ɗin FADD da ke karɓar saƙo daga gare shi. Haka nan ba a samu ƙwayar gadon sinadarin da ƙwari ke amfani da shi wajen lulluɓe cuta da baƙin launi ba.

Duk da wannan giɓin hanyar tana aiki. A 2017 ƙungiyar Joao Pedra a Jami'ar Maryland ta nuna cewa wasu nau'o'in kitse da ke jikin bakteriya ne ke tayar da ita a jikin kaska, kuma idan aka toshe ta, Borrelia da Anaplasma suna ƙaruwa. Wannan ya yi daidai da hankali, domin bakteriyar da kaska ta fi cuɗanya da su, Borrelia da Anaplasma da Ehrlichia, ba su da LPS, wani sinadari mai haɗin kitse da sukari da aka saba gani a bangon yawancin 'yan ajinsu. Wani abin ban mamaki da aka gano a Ixodes scapularis shi ne tana sauraron saƙon garkuwar dabbar da ta ciza: intaferon-gama, wani sinadarin saƙon garkuwar jiki da ke shigowa cikin jinin ɓera mai ɗauke da cuta yana tayar da hanyar JAK/STAT a hanjinta, kuma a 2023 aka bayyana furotin ɗin da ke karɓar wannan saƙon, mai suna Dome1.

A wajen makamai ne kowace zuriya ta nuna halinta. Ornithodoros moubata tana da difensin iri 4 da aka fara bayyanawa, waɗanda yawancinsu a hanji suke aiki bayan shan jini, ga kuma laisozayim a hanjin. Haemaphysalis longicornis tana da lonjisin, wanda illarsa ta kai har ga Babesia, ƙwayar cutar da ba bakteriya ba. Rhipicephalus microplus, kaskar shanu, tana da maikuroplusin, wanda ba ya huda bangon bakteriya ko kaɗan, sai dai ya ƙwace jan ƙarfen da take buƙata don numfashi, kuma a 2017 masana a Birazil sun nuna cewa furotin ɗin Relish, wanda ke ƙarshen hanyar IMD, shi ke sarrafa maikuroplusin wajen taƙaita Anaplasma marginale, bakteriyar da ke cutar da shanu. A hanjin wannan kaskar ne kuma aka gano a 1999 cewa wani gutsuren himogulobin (furotin ɗin da ke sa jini ja) na saniya, bayan kaskar ta yanka shi, yana zama makamin kashe bakteriya, wato tana ƙera makami daga abincinta. Akwai kuma Dae2, ƙwayar gadon da kakannin kaska suka samo daga bakteriya tun zamanin da, wadda aka nuna a 2020 tana kare Ixodes scapularis daga Staphylococcus da ke zaune a fatar dabbobi, haɗarin da dole ya fi damun wadda ke kwana da kwanaki bakinta na cikin fata.

Zan ƙara da gargaɗi guda, domin a wannan fanni sakamako ya kan zo a karkace. A 2008 an kashe aikin ƙwayar gadon barisin a jikin mazan Dermacentor variabilis, ana sa ran Anaplasma marginale za ta yi yawa, sai ga shi ta ragu. Bakteriyar da ke zaune a cikin ƙwayoyin jikin kaska, nesa da ruwan jiki, lissafinta daban ne da na wadda ke iyo a fili, kuma bai kamata a ɗauki abin da difensin ya yi wa ɗaya a ɗora wa ɗayar ba.

TAMBAYA: Malam, shin ita kaskar ba ta rashin lafiya ne idan ta ɗauki waɗannan ƙwayoyin? Daga wani mai karatu.

AMSA: Tana yi, ɗan'uwa, wani lokaci har ta mutu. Rickettsia rickettsii, mai haddasa zazzaɓi mai ɗige-ɗige na tsaunukan Roki, wadda aka sa wa sunan Howard Ricketts da ya yi bincikenta a jihar Montana ta Amurka daga 1906, tana kashe mafi yawan Dermacentor andersoni da suka ɗauke ta tun suna jarirai, kamar yadda wani bincike na 1999 ya nuna, kuma tana rage ƙwan waɗanda suka tsira. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a cika samun ta a jikin kaskokin daji ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Anaplasma phagocytophilum tana sa Ixodes scapularis ta ƙara samar da wani furotin mai hana daskarewa, sai kaskar da ta kamu ta fi jure sanyi.

Akwai kuma bakteriyar da kaska ba ta iya rayuwa sai da su. Jini abinci ne mai ƙarancin bitamin B, don haka yawancin kaskoki suna ɗauke da wasu bakteriya na gado a ma'ajiyar ƙwai da bututun fitar da ƙazanta, uwa tana miƙa wa 'ya'ya ta cikin ƙwai. A nan ma zuriya ta yi tasiri. Gidan Rhipicephalus da yawancin Haemaphysalis suna tare da dangin Coxiella, Dermacentor da Hyalomma sun fi zama da dangin Francisella, Ixodes scapularis tana da Rickettsia buchneri, Ixodes ricinus kuma tana da Midichloria, wadda ke shiga har cikin mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwayar jiki kuzari. A 2018 an ba Ornithodoros moubata maganin kashe bakteriya aka raba ta da Francisella ɗinta, sai girman 'ya'yanta ya tsaya, da aka zuba bitamin B a jinin da suke sha sai suka ci gaba da girma. Garkuwar kaska ke nan dole ta bar wasu bakteriya su zauna lafiya, kuma waɗannan mazauna 'yan'uwa ne na kusa ga masu haddasa cuta. Wani lokaci ma su ne ke tare hanya: a kwarin Bitterroot na Montana an daɗe da lura cewa zazzaɓi mai ɗige-ɗige ya fi yawa a yammacin kogi, kuma a 1981 Burgdorfer da abokan aikinsa suka danganta hakan da wata Rickettsia marar cutarwa da ta cika ma'ajiyar ƙwan kaskokin gabas, wadda ke hana mai cutar wucewa zuwa ƙwai. Ita ce aka sa wa suna Rickettsia peacockii daga baya.

TAMBAYA: Malam, idan haka ne, da zarar an san gidan da kaska ta fito ai an san cutar da za ta iya yaɗawa. Ko ba haka ba? Kuma mene ne amfanin duk wannan ilimin ga mai kula da lafiyar mutane ko ta dabbobi? Daga wata ma'aikaciyar lafiya.

AMSA: Malama, sanin gida yana ba da alkibla, amma bai isa ba. A Birazil akwai kaskoki biyu 'yan gida ɗaya da ke yaɗa Rickettsia rickettsii, wato Amblyomma aureolatum da Amblyomma sculptum. A ɗakin gwaji ta farkon tana kamuwa cikin sauƙi, kusan duk wadda ta sha jini mai cutar, ta biyun kuwa kaɗan ne daga cikinsu ke kamuwa. Da aka duba hanjinsu a wani bincike na 2017, sai aka ga sculptum tana tayar da ƙwayoyin gadon garkuwa idan bakteriyar ta shigo, ita kuma aureolatum yawancin nata lafawa suke yi. Duk da haka sculptum tana jawo cutar sosai ga mutane, domin tana yawaita a jikin kafibara, wata babbar dabba dangin ɓera, kuma tana son cizon mutum. Haka nan Borrelia miyamotoi, wadda aka bayyana a Japan a 1995, 'yar ajin zazzaɓi mai dawowa ce, ajin da aka saba gani a masu laushin jiki, amma gidan Ixodes ne ke ɗauke da ita, har tana wucewa ta ƙwai, abin da bakteriyar cutar Laim ba ta cika yi ba a jikin wannan kaskar dai. Jinin da aka sha ma yana da ta cewa, domin a Kaliforniya an nuna a 1998 cewa jinin wani ƙadangare yana kashe Borrelia a hanjin Ixodes pacificus da ta sha shi.

Amfanin kuwa a fili yake a wajen rigakafi. Allurar da aka yi daga furotin ɗin hanjin kaska mai suna Bm86, wadda aka fara sayarwa a Ostireliya a 1994 da sunan TickGARD, Kyuba kuma ta fitar da tata mai suna Gavac, tana sa jinin saniya ya lalata hanjin kaskar da ta sha shi. Ta yi aiki a kan Rhipicephalus microplus da 'yar'uwarta annulatus, amma ba ta yi wani tasiri a kan Amblyomma variegatum ba, wadda ita ce ke yaɗa Ehrlichia ruminantium, bakteriyar da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu a faɗin Afirka. Wannan ne ya sa nake damuwa da yadda mafi yawan abin da aka sani game da garkuwar kaska ya fito daga Ixodes scapularis da ƙwayoyin jikinta da ake rainawa a kwalba, alhali ita 'yar reshen Prostriata ce, kuma kaskokin da suka fi halaka dabbobi a ƙasashe masu zafi 'yan Metastriata ne, masu jawo zazzaɓi mai dawowa a Afirka kuma, irin su Ornithodoros sonrai a Sanagal, masu laushin jiki ne. Ya kamata a maimaita gwaje-gwajen a jikin waɗannan kafin a gina magani ko rigakafi a kan sakamakon waccan.

A aikinki na yau da kullum kuma, shawarar da za ki ba mutane ta danganta da irin kaskar. Duba jiki da cire kaska mai ɓawo da wuri, ta hanyar kama ta daf da fata a ja ta a hankali ba tare da matse cikinta ba, yana rage haɗarin cutar Laim ƙwarai saboda jinkirin da muka bayyana. Ga masu laushin jiki wannan dabarar ba ta da amfani, domin sun gama sun tafi kafin mai barci ya farka, sau da yawa ma bai san an cije shi ba, don haka kariyar tana wajen toshe tsagogin bango da ƙasa, da hana ɓeraye zama kusa da wurin kwana, da kuma tuna zazzaɓi mai dawowa idan marar lafiya ya zo da zazzaɓin da ke sauka ya sake tashi bayan 'yan kwanaki. Ko a cikin masu ɓawon ma kada a ɗauki awa 24 a matsayin ƙa'ida ga kowace cuta. Wani bincike na 2014 a Birazil ya nuna cewa Amblyomma aureolatum da ba ta sha jini ba tana buƙatar fiye da awa 10 kafin ta yaɗa Rickettsia rickettsii, amma wadda ta riga ta fara sha a jikin wata dabba, kamar kare, sannan ta koma kan wani, minti 10 sun ishe ta, saboda ɗumi da jinin farko sun riga sun farkar da bakteriyar. Saboda haka duk wanda ya yi zazzaɓi bayan cizon kaska a yankin da ake samun wannan cutar, a duba shi da gaggawa komai gajartar lokacin da kaskar ta yi a jikinsa.